Bin Sawun Kakanninmu da Suka Je Yaƙin Bama

A gidaje da dama a Kano da Zariya da Katsina, har zangon Kumasi, akwai wata tsohuwar adaka da ake cewa ta Baba Soja ce. In aka buɗe ta, akan tarar da tauraruwar tagulla mai ƙyalle ja da shuɗi da ratsin ruwan lemo, wani lokaci da koɗaɗɗen hoto. Abin da jikoki suka sani bai wuce cewa ya je yaƙin Bama ba, ƙasar da yau ake kira Miyanma. Wace bataliya ya yi, wane kogi ya ƙetare, da wa ya kwana a rami, duk sun bi shi kabari.

Duk da haka ana iya bin sawunsa, sai dai mai nema ya san inda zai fara. Tauraruwar nan ba za ta taimaka sosai ba, domin Turawan Ingila ba su zana sunan kowa a jikin taurarin Yaƙin Duniya na Biyu da suka raba wa sojojinmu ba. Tana dai shaida cewa mutum ya je fagen. Takardar sallama ita ce dukiya, in gara ba ta cinye ta ba, saboda tana ɗauke da lambar soja, wadda ta 'yan Nijeriya kan fara da NA, ta 'yan Gwalkwas kuma da GC. A samu lambar nan da sunan bataliya, an yi rabin aiki.

Suna kaɗai yakan yaudari mutum. Ranar da kurtu ya tsaya gaban magatakarda, sau da yawa sunan yanka da sunan gari ake rubuta masa. Malam Audu ɗan Liman sai ya koma Audu Katsina, kuma a bataliya guda ana iya samun masu wannan suna fiye da ɗaya. Wasu sun ƙetaro ne daga yankin mulkin Faransa, daga Dosso ko Damagaram ko Cadi, suka ba da sunan garin da suka sauka. Wasu kuma sun ɓoye sunansu na gaskiya don ba da yardar iyaye suka shiga ba. Ga kuma rubutun Bature, wanda zai mai da Mamadu Momadu, Garba ya zama Garuba. Shi ya sa nake ganin tun kafin a taɓa kowace takarda ya kamata a zauna da tsofaffin matan gidan, gwaggo ko inna, a tambaye su wane suna abokan aikinsa suke kiransa da shi in sun zo gaisuwa. Su ne suka kai musu ruwa a zaure, kuma sun ji.

Daga nan sai tarihin rundunar. Sojojin Afirka ta Yamma sun je Bama cikin manyan runduna biyu. Ta 81 an kafa ta a 1943, alamarta baƙin gizo a kan rawaya. Ta 82 ta biyo baya, ita kuma alamarta masu biyu a gicciye bisa gammo. In akwai hoto, a duba kafaɗar riga da kyau.

Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, bayan sojojin sun sare hanya ta kusan mil 75 cikin dutse da ƙungurmin daji da adda da diga. Abincinsu da harsashinsu daga jirgin sama ake jefo musu, 'yan alaro su ɗauka a ka. Waɗannan masu ɗaukar kaya sojoji ne cikakku, da lamba da kaki, kuma da yawa daga cikin kakanninmu a cikinsu suka yi aiki. Babu abin jin kunya a nan, domin inda mota da alfadari suka kasa, kawunansu ne suka kai kayan yaƙi. Bataliya ta 4 ta Nijeriya ita ce ta yi Kaladan tare da 'yan Gambiya da Saliyo da Gwalkwas. Ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa an cire su aka ba Janar Orde Wingate, suka shiga cikin mayaƙan Chindit da aka sauke da jirage a bayan Japanawa a 1944, suka tsare sansani irin su White City. Saboda haka mutum biyu 'yan unguwa ɗaya, masu gizo iri ɗaya a kafaɗa, suna iya zama sun yi yaƙi a wurare masu nisan gaske da juna.

Runduna ta 82, mai bataliyoyin Nijeriya na 1, 2, 3, 5, 9 da 10, ta shiga Arakan a ƙarshen 1944, ta gangara kwarin Kalapanzin, ta haɗu da 'yar'uwarta a Myohaung cikin Janairun 1945, sannan ta nausa kudu ta Dalet da Tamandu. Mutumin Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, na Zariya ya san barikin Chindit, na Ikko ya san Arakan da Myohaung. Muna wucewa ta gabansu kullum ba tare da sanin cewa hanyar kakanninmu ce aka rubuta a ƙofa ba. Wanda kuma tsohonsa ya riƙa ambaton Habasha, to mai yiwuwa yana cikin birged ɗin da ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ta wuce Harar, kafin a zo maganar Bama.

Kowace bataliya tana da littafin da wani hafsa ke cikawa kullum: inda aka kwana, inda aka yi arangama, ko an samu jifan abinci. Waɗannan littattafai suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, na Bama a jerin WO 172, na zaman gida a WO 173. Karanta su akwai ɗaci. Laftanan Bature in ya ji rauni za ka ga sunansa, amma namu sai a ce AOR uku sun mutu, wato ƙananan sojoji 'yan Afirka, a wuce. Ni dai ban ga dalilin da zai sa wannan ya kashe wa mai nema gwiwa ba. Ko sunan kakanka bai fito ba, littafin zai gaya maka tudun da kamfaninsa ya hau ranar kaza, da ruwan saman da ya doke su, da zazzaɓin da ya kwantar da mutane. In ka ɗora wannan a kan guntun labarin da aka ji a tsakar gida, sai ka ga sun haɗu. Wanda ya samu lambar jarunta kuwa, bayanin abin da ya yi yana jerin WO 373, da sunansa da lambarsa, kuma ana nemansa ta intanet.

A nan gida akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, inda za a bi takardun larduna da tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939 ta kuma riƙa kai wa mutane labarin yaƙin Hitila. Littafin John Hamilton, War Bush, ya bi Runduna ta 81 mataki-mataki, kuma marubucin da kansa hafsa ne a cikinta.

Saura waɗanda ba su dawo ba, waɗanda iyayensu suka yi ta jira har jiragen ruwa na 1946 suka gama sauke mutane. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel tana da jerin sunaye da kowa zai iya bincikawa kyauta. Wasu suna kwance a maƙabartar Chittagong da ta Maynamati a Bangaladash. Waɗanda ba a san inda aka rufe su ba, an zana su a ginshiƙan Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. A gwada sunan ta kowane irin rubutu, a gwada da sunan gari, in akwai lamba a sa ta. Abin da zai fito shi ne muƙami da bataliya da ranar rasuwa, kuma da wannan ranar ake komawa littafin bataliyar a ga abin da ya faru.