Baƙon da Ke Gunji a Lambun Taura

Wanda ya taɓa shiga lambun tumatir ko gonar wake a fadamun Taura da hantsi ya san wani ƙaton ƙwaro baƙi, wani lokaci da rawaya a ƙirji, mai gunji kamar ƙaramin inji. Masu duba hotuna a intanet sukan ɗauka shi ne ƙudan zuman nan mai gashi na ƙasashen sanyi, wanda masana ke kira Bombus. Ba shi ba ne. Jinsin Bombus, mai nau'i kusan 250, ba ya rayuwa a Afirka kudu da Sahara. Namu sunansa Xylocopa, kalmar Girkanci mai nufin mai saran itace.

Ruɗanin tsoho ne. A 1758, Carl Linnaeus na Suwidin ya haɗa ƙudajen zuma duka ƙarƙashin suna ɗaya, Apis. Sai a 1802 Bafaranshe Pierre André Latreille ya ware Bombus da Xylocopa, kowa da gidansa. Rarrabe su ba wuya: cikin Bombus lulluɓe yake da gashi, kuma yana zaman taro da sarauniya, cikin Xylocopa yawanci sumul yake yana sheƙi, fukafukansa masu duhu, macen kuma ita ke huda busasshen itace ko gora ta yi ɗakin ƙwai. Namijin ba shi da ƙari, duk barazanarsa ta banza ce.

Tarihin Bombus tarihin jigila ne. A 1885 aka kwashe shi daga Ingila zuwa Niyu Zilan, domin ciyawar kiwon da Turawa suka shuka ta kasa ba da iri sosai in babu shi. A 1987 wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland De Jonghe, ya mayar da kiwonsa kasuwanci saboda masu noman tumatir cikin rumfunan gilashi. Furen tumatir ba ya sakin garinsa sai an girgiza shi, ƙudan zuman amya kuwa bai iya wannan girgiza ba. A 1997 ƙasar Chile ta shigo da nau'in Turai. Ya tsere, ya haye Ajantina, kuma Bombus dahlbomii, ƙaton ɗan asalin yankin, ya yi ta ja da baya har aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar ɓacewa.

Abin da Turawa ke saya a kwali, manomin Taura yana da shi kyauta. Xylocopa ya iya wannan girgiza ta tumatir da gauta, kuma nauyinsa kan buɗe furen wake. Wani kaso na kayan gwarin da ke isa kasuwar Gujungu aikinsa ne, ko da yake ba a lissafa shi.

Amma feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da fure ya buɗe, yana kashe shi tare da tsutsa, sannan kowane busasshen reshe da aka kai murhu yana iya zama gidansa. Mai lambu ya jinkirta feshi zuwa yamma, ya bar 'yan kututture a gefen shinge. In ya gan shi yana huda azara, ya ajiye masa wani itacen kusa, kada ya ɗauko takalmi.