Wa ke biyan kuɗin koyon sana'a? Tura aikin manhaja daga Amurka zuwa Indiya

A watan Fabrairun 2004, Gregory Mankiw, shugaban masu ba George W. Bush shawara kan tattalin arziki, ya bayyana cewa tura aiki ƙetare wani sabon salo ne kawai na cinikayya tsakanin ƙasashe, kuma Amurka za ta ci ribarsa nan gaba. Shekarar zaɓe ce, don haka aka yi masa ca. Masana ma suka rabu. Jagdish Bhagwati da abokan aikinsa suka ce fargabar ta wuce kima, Paul Samuelson ya nuna cewa ribar ba tabbas ba ce, sannan a 2006 Alan Blinder ya yi gargaɗin cewa duk aikin da za a iya aika sakamakonsa ta waya yana cikin haɗari. Mafi yawan muhawarar a kan lissafi biyu ta tsaya: gurabe nawa suka tafi, albashi nawa aka rage. A ganina babban abin da ya ƙaura shi ne wurin koyon sana'ar, kuma ba a sa shi cikin lissafin ba.

Tarihin Indiya shi ne hujja ta farko. An kafa kamfanin manhaja na TCS a 1968, na Infosys a 1981, kamfanin Texas Instruments kuma ya buɗe reshe a Bangalore a 1985. Sauye-sauyen tattalin arziki na 1991, lokacin da Manmohan Singh ke ministan kuɗi, sun sassauta dokokin shigo da kaya da na zuba jari. Amma abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne matsalar shekarar 2000. Tsofaffin manhajoji suna rubuta shekara da lamba biyu kacal, aka ji tsoron kwamfutoci za su ɗauki 2000 a matsayin 1900. Dole a bi miliyoyin layuka, akasarinsu cikin tsohon yaren COBOL, a gyara ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gajiyarwa, ba suna ba ɗaukaka, kuma Amurka ba ta da isassun hannayen da za su yi shi a kan lokaci. Kamfanonin Indiya suka karɓi kwangilar. Kafin a gama, dubban matasansu sun san cikin manhajojin bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama ciki da bai. Kuɗin kwangilar ya ƙare, sanin bai ƙare ba.

Haka wannan sana'a take. Ba a zama gwanin tsara manhaja ta hanyar lacca kaɗai. Ana farawa ne da gwada abin da wasu suka rubuta, da neman inda kuskure ya ɓuya, da kula da tsohon tsarin da kowa ke gudu, kamar yadda yaron tela ke daɗewa a kan guga da sa maɓalli kafin a ba shi almakashi ya yanka shadda. Waɗannan ƙananan ayyuka su ne aka fara turawa ƙetare, domin su suka fi sauƙin bayyanawa a takardar kwangila. Ka'idar da David Ricardo ya kafa a 1817, wadda ya misalta da tufafin Ingila da giyar Fotugal, tana ɗaukar cewa an riga an san abin da kowace ƙasa ta fi iyawa. A aikin manhaja kuwa, yin aikin ne ke haifar da iyawar.

Kamfanonin da kansu sun san haka. A 2015 jaridar New York Times ta ba da labarin ma'aikatan fasaha kusan 250 da Disney ya sallama a Orlando, inda aka sa da yawansu su koya wa waɗanda za su gaje su aikin kafin su karɓi haƙƙin sallama. Magadan sun zo ne ta hannun kamfanin kwangila na Indiya da bizar H-1B. Da hannu kawai ake saye, da ba a buƙaci wannan miƙa ilimi ba. Abin takaici ne a tilasta wa mutum ya zazzage sanin shekaru a cikin makonni don a maye gurbinsa, kuma babu wani lissafin riba da zai share wannan.

Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi: yawan masu haɓaka manhaja a Amurka ya ƙaru tun 2004, albashinsu ma yana cikin mafi tsoka. Gaskiya ne, annabcin rushewa bai tabbata ba. Sai dai jimillar gurabe ba ta nuna wanda aka rufe wa ƙofar shiga. Ita ma Indiya, duk da masana'antar na ɗauke da mutum sama da miliyan biyar, mallakar manyan kayayyaki irin su Windows da Android ta ci gaba da zama a Amurka, ko da yake 'ya'yan Indiya, Satya Nadella da Sundar Pichai, ke jagorantar kamfanonin da suka mallake su. Inda ta ci nasara ta haƙiƙa shi ne inda ta mai da koyon nan abin kanta, kamar manhajar banki ta Finacle da Infosys ya ƙera, wadda wasu bankunan Nijeriya ke aiki da ita.

Labarin kamfanin Andela ya nuna inda aka kwana yanzu. An kafa shi a Legas a 2014 bisa tsarin zaɓo matasa, a horar da su ana biyansu, sannan a haɗa su da kamfanonin Amurka. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24. A watan Satumban 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, saboda abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. Indiya ta samu wanda ya biya ta kuɗi tana koyo. Matasan Afirka sun iske kasuwar da ke son gwani amma ba ta son ɗaukar nauyin renonsa. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira tana cinye ainihin ƙananan ayyukan da ake koyo a kansu.

Saboda haka shirin gwamnatin Nijeriya na 2023 na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha ba zai wadatar ba idan ya tsaya a kwas na 'yan watanni. Hukumomin haraji da bankuna da asibitoci da jami'o'i duk suna ba da kwangilar manhaja kowace shekara. Ya kamata a sa sharaɗi a cikin irin waɗannan kwangiloli cewa kamfanin da ya ci, na gida ko na waje, zai ɗauki sabbin hannu su yi aiki ƙarƙashin ƙwararru har zuwa ƙarshen aikin, kuma kula da manhajar bayan an miƙa ta ya zauna a hannunsu.