Begonia pavonina

Begonia pavonina, wadda ake wa laƙabi da begoniyar ɗawisu, ƙaramar shuka ce daga dangin Begoniaceae. A daji ba a samunta sai a tsaunukan zirin Malesiya, musamman yankin Cameron Highlands na jihar Pahang. Masanin tsirrai ɗan Ingila, Henry Ridley, ne ya fara bayyana ta a 1909.

Tana yaɗuwa ne da jijiya mai rarrafe a ƙasa mai danshi, ƙarƙashin manyan itatuwa inda rana ba ta cika leƙowa. Ganyenta karkatacce ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, bayansa ja. A inuwa fuskarsa kore ce mai duhu, amma da an haska masa tocila sai ya yi wani shuɗin ƙyalli mai ɗaukar ido. Wannan ba rini ba ne. Cikin ganyen akwai ƙwayoyin sarrafa haske da aka jera hawa-hawa a tsanake, su ke mayar da shuɗin haske, su riƙe kore da ja. Binciken jami'o'in Bristol da Essex na 2016 ya nuna tsarin yana ƙara mata cin moriyar haske da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari.

Babbar barazanarta sare daji don gonakin kayan lambu da gine-gine. Abin takaici ne, domin da zarar inuwa ta kau ƙasa ta bushe, shukar ba ta daɗewa. Masu sha'awar furanni na raya ta cikin akwatunan gilashi, sai dai hakan bai maye gurbin dajin ba.