Digirin dokta a fannin zayyana da tsara muhalli: yadda ɗan Arlit zai nemi gurbi da kuɗin karatu

Tun ranar 31 ga watan Maris na 2021 da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akouta, garin Arlit ke fuskantar tambayoyin da masanin fanni guda ba zai iya amsa su shi kaɗai ba. Me za a yi da tarin dusar uranium kusan tan miliyan 20 da ke jibge a gefen gari? Wane irin gida ya dace da zafi da ƙurar hamada? Da me jama'a za su rayu idan ma'adini ya ƙare? Irin waɗannan tambayoyi su ne abincin fannin binciken zayyana, wanda ke haɗa ilimomi da dama wuri guda. Ga bayani kan fannin, da inda ake karanta shi, da hanyoyin samun kuɗin karatun.

Mene ne wannan fanni?

Binciken zayyana shi ne nazarin yadda ake tsara abubuwan da mutane ke rayuwa da su: gida, unguwa, kasuwa, murhu, famfon ruwa, har da tsarin aiki a asibiti. Mai wannan bincike yakan ɗebo daga ilimin gine-gine, injiniyanci, kimiyyar muhalli, kiwon lafiya da nazarin zamantakewa. Bambancinsa da sauran fannoni shi ne ba ya tsayawa ga bayyana matsala. Yakan zauna da masu matsalar, ya ƙera samfuri, a gwada, a gyara, sannan ya rubuta abin da gwajin ya koyar. Kundin dokta a nan yana buƙatar abu biyu: aikin da ido zai gani, da hujjar ilimi da alƙalan jami'a za su amince da ita.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Tun 1980 aka fara gwada ginin ƙasa marar katako a Cikal, cikin yankin Filinge, domin rage sarar itatuwa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, tare da hasumiyar masallacinsa mai tsayin mita 27 da aka gina da laka. Mariam Issoufou, mai zanen gine-gine da ta tsara masallaci da ɗakin karatu na Hikma a Dandaji da tubalin ƙasa, ta zama farfesa a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Zurich a ƙasar Suwizalan.

Me ya sa Arlit?

Arlit gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. An kafa kamfanin Somair a 1968, garin ya tsiro a 1969, aka fara fitar da uranium a 1971. Cominak ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978. Kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu unguwanni masu ruwa da wuta da asibiti, sauran jama'a kuwa suka yi wa kansu matsuguni a kewaye da abin da hannu ya samu. Har yau wannan rarrabuwa na nan a fuskar garin.

Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, tare da cibiyar Criirad ta Faransa da ƙungiyar Greenpeace, sun nuna cewa ƙarafan da suka fito daga ma'adinai sun shiga kasuwa, wasu kuma an yi amfani da su a gidaje alhali suna ɗauke da tururin uranium. Fim ɗin Amina Weira na 2016 kan garin ya nuna wannan rayuwa daga bakin mazauna. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da Somair mallakar ƙasa, abin da ya ƙara ɗora wa ƴan ƙasa nauyin sanin yadda za a kula da ramuka da dusa da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haka batun yake a Cirozerin mai gawayin Sonichar, da Azelik kusa da Ingal. Ɗalibin da ya tashi a waɗannan garuruwa, yana jin Hausa da Tamajak, yana da abin da baƙon mai bincike ba ya da shi: mutane za su buɗe masa ƙofa su yi magana.

Inda ake karatun

Jami'o'in Nijar na bin tsarin LMD: shekara 3 na lisans, 2 na masta, 3 na dokta, ko da yake sau da yawa kundin kan ɗauki fiye da haka. Wanda ke son binciken zayyana yakan yi rajista a fanni mafi kusa da batunsa, sannan ya jawo sauran fannonin ta hanyar malamai masu duba aiki.

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai makarantun dokta na kimiyyar rayuwa da ƙasa, na kimiyya da fasaha, da na adabi da zamantakewa. Cibiyar IRI ta jami'ar na aiki kan awon tururin nukiliya, IRSH kuma kan tarihi da al'adu. Makarantar EMIG ta ma'adinai na da cibiyar nazarin muhallin haƙar ma'adinai da Bankin Duniya ya tallafa wa. Cibiyar Lasdel ta shahara wajen koyar da binciken zamantakewa a fage. Jami'ar Agadas, da aka kafa a 2014, ita ce mafi kusa da Arlit, kilomita kusan 240, kuma wuri ne na neman malamin da ya san yankin.

A waje, makarantar EAMAU ta Lome na horar da masu zanen gine-gine da tsara birane na ƙasashe masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar. Cibiyar 2iE ta Wagadugu na ba da dokta kan ruwa, makamashi da muhalli. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da tsangayar zayyanar muhalli, mai sassan gine-gine, tsara birane da zayyanar masana'antu, amma karatun da Turanci ne. A Faransa, cibiyar Craterre ta Grenoble ta ƙware kan ginin ƙasa tun 1979.

Takardun da ake nema

Ana buƙatar masta, galibi ta bincike, da sakamako mai kyau. Sai takardun maki na kowace shekara, tarihin karatu da aiki, wasiƙar bayyana manufa, da wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku. Idan jami'ar ta Turanci ce, za a nemi fassarar takardu daga tafinta mai rantsuwa, da sakamakon jarrabawar IELTS ko TOEFL.

Abu mafi nauyi shi ne malamin da zai jagoranci kundin. A ƙasashen da ke ƙarƙashin majalisar CAMES, sai wanda ya kai matsayin farfesa ko mai bi masa ke da ikon wannan jagoranci, kuma ba a karɓar rajista sai da sa hannunsa. Don haka a fara da karanta abin da malamin ya rubuta, a aika masa gajeriyar wasiƙa tare da shawarar bincike mai shafi kaɗan. Batun da ya haɗa fannoni kan buƙaci malami na biyu daga wani sashe. Akwai kuma tsarin haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i biyu na ƙasashe daban, inda ɗalibi ke raba lokacinsa tsakaninsu bisa yarjejeniya a rubuce.

Shawarar bincike ta fi karɓuwa idan tambayarta ƙarama ce kuma a fili. "Matsalolin Arlit" ba batu ba ne. Amma a tambayi wane irin tubalin ƙasa ne zai rage zafin ɗaki a Akokan, daga ina za a ɗebo ƙasar da aka tabbatar ba ta gurɓata ba, nawa magini zai kashe, wannan batu ne da za a iya gamawa cikin shekara uku. A bayyana hanyar aiki, jadawalin lokaci, da izinin da za a nema daga hukumomi kafin a yi awo kusa da ma'adinai ko a tattauna da tsofaffin ma'aikata kan lafiyarsu.

Ina kuɗin zai fito?

A cikin gida, hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati, kuma ta hannun hukumomin ilimi mai zurfi ake sanar da guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa. Shirin Wascal, da Jamus ke ɗaukar nauyinsa, na da reshen dokta kan sauyin yanayi da makamashi a jami'ar Yamai. Asusun RSIF na ɗaukar ɗaliban Afirka kudu da Sahara a fannoni kamar ma'adinai, makamashi da sauyin yanayi, kuma Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu karɓar ɗalibansa. Akwai tallafin Bankin Musulunci, da na hukumar DAAD ta Jamus, da na gwamnatocin Sin da Suwizalan. Turkiyya kan buɗe nata tsakanin Janairu da Fabrairu, ga waɗanda ba su kai shekara 35 ba. Mata masu karatun kimiyya da injiniyanci na da ƙofa ta musamman a ƙungiyar OWSD.

Hanyar Faransa, wadda a da ita ce ta farko, ta yi wuya tun bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 da rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. Mai son zuwa can ya binciki batun biza tun kafin ya kashe kuɗi a kan takardu.

Kafin a sa hannu, a karanta sharuɗɗa da kyau. Wani tallafin na biyan kuɗin makaranta kaɗai, wani ya haɗa da abinci da masauki da inshorar lafiya, amma kaɗan ne ke biyan aikin fage. Ga mai bincike a Arlit wannan ba ƙaramin abu ba ne: kuɗin mota daga Yamai, hayar na'urar awo, gwajin ƙasa da ruwa a ɗakin bincike, ladan magina da za su gina samfuri. Ya kamata a rubuta wannan lissafi tun cikin shawarar bincike. Idan kuma kamfanin ma'adinai ne zai ba da kuɗin, a tabbatar yarjejeniyar ta bai wa ɗalibi ƴancin wallafa duk abin da ya gano.

A fara shiri aƙalla shekara guda kafin lokacin da ake son shiga, a nemi wurare da dama a lokaci ɗaya. Neman waɗannan tallafi ana yin sa ne kai tsaye a shafukan intanet na hukumomin, ko ta ofisoshin gwamnati. Duk wanda ya nemi a ba shi kuɗi don ya samo wa mutum gurbi, a yi hattara da shi.