Filin da Ba na Kowa Ba: Kuɗin Hanya da Adalci a Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya

Tun bayan kakar 2023 wani ra'ayi ya samu gindin zama a wurin masu sharhin wasanni, wai raba babbar gasar Nijeriya rukuni biyu, sannan a tara ƙungiyoyi shida a gari ɗaya su fid da zakara, shi ne tsari mafi adalci. Hujjarsu biyu ce: wasanni sun ragu, don haka kashe kuɗi ya ragu, kuma filin da ba na kowa ba yana raba alƙalin wasa da barazanar 'yan kallon gida. An yi hakan a Agege a 2019 da Onikan a 2023, duka a Legas, Enyimba ta ɗauki kofin duka biyun. A ganina hujjar farko ba ta tsaya da ƙafarta ba, ta biyun kuwa rabin gaskiya ce.

Ba bisa shiyya aka raba rukunan 2023 ba. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta faɗa rukuni ɗaya da Akwa United ta Uyo da Remo Stars ta Ikenne, maƙwabciyar El-Kanemi mafi kusa a rukunin tana Gombe. Yawan wasa ya ragu, tsawon hanya yana nan. Ƙungiyar da gwamnatin jiharta ba ta saki kuɗin jirgi ba, a bas za ta wuni ta kwana, 'yan wasa su sauka ƙafa a kumbure, washegari a ce su shiga fili. Hanyar ma ba ta da tabbas: a Maris 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai Legas ba baƙon wuri ba ce ga ƙungiyoyin Arewa. Agege cike take da Hausawa, a 2019 Pillars ta samu magoya baya kamar tana filinta na Sani Abacha, ta zo ta biyu, kuma magoya bayan nata ne suka kutsa fili bayan wasanta da Rangers. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da yake nunawa shi ne filin bai zama na ba-ruwan-kowa ba, kuma bai kare alƙalin wasa ba. Pillars, mai kofi huɗu, tana da masoya duk inda Bahaushe yake kasuwanci. Ƙaramar ƙungiya ba ta da wannan gatan.

Dole a taƙaita da'awar a nan. Uku daga cikin ƙungiyoyi huɗu da suka faɗi a 2023 na Arewa ne: El-Kanemi, Wikki Tourists da Nasarawa United. Ba zan ce hanya ce ta kayar da su ba, domin rashin biyan albashi da sauya masu horarwa suna da nasu hannun. Abin da za a iya karewa shi ne, tsarin yana ɗora wa wasu nauyin da bai ɗora wa wasu ba, kuma teburin maki ba ya nuna shi.

Matsalar ta fi tsanani a ƙasan tsani. Yaron da ke murza leda a Sabon Birni ko Isa, kafin wani ya gan shi sai ya kai filin Giginya a Sakkwato, a yankin da aka ƙona matafiya cikin mota a Disambar 2021. Uban da ya hana ɗansa wannan tafiya bai yi laifi ba, amma gasar da ta ce kowa ya zo da kuɗin motarsa ta riga ta tace masu shiga tun ba a busa usur ba. Ko a Amurka, inda kuɗi ya yi wa ƙwallon jami'o'i yawa, an bar jami'ar Florida State a waje daga zagayen fid da zakara a 2023 duk da ta ci wasanninta 13, amma can manyan makarantu sukan biya ƙanana kuɗi in sun zo wasa gidansu. Mu a nan baƙo ne ke biya.

Saboda haka nake ganin kafin a raba ko sisi na kuɗin masu ɗaukar nauyin gasa, a fara ware asusun tafiya da za a biya kowace ƙungiya gwargwadon kilomitar da jadawali ya ɗora mata, kuma in za a yi zagayen ƙarshe, ya riƙa zagayawa tsakanin shiyyoyi, har da Kano da Katsina, masu filayen da za su iya ɗaukarsa.