Yadda Ake Gane Sankarar Kaluluwa a Ɗakin Gwaji

Sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, galibi tana tasowa ne daga ƙwayoyin garkuwar jiki nau'in B. Wadda ta fi addabar yaranmu ita ce ta Burkitt, wadda Dokta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Alamarta kumburin muƙamuƙi ko ciki mai saurin girma.

Kallon ido ba ya bambanta ta da ciwon haƙori. Sai an yanki ɗan nama daga kumburin, an duba shi da madubin likita, an rina shi da sinadarai. Alamar CD20 tana nuna ƙwayoyin B ne. Ki-67 tana auna saurin hayayyafarsu, wanda a Burkitt yakan kusa ɗari bisa ɗari. Gwajin FISH kuma yana gano musayar yanki tsakanin kuromosom 8 da 14.

Wannan bambancewa wajibi ce, domin kowane nau'i da maganinsa. Muna kira ga iyaye a Nima da Maamobi: idan kumburi ya ƙi sacewa, kada a tsaga shi a gida, a garzaya asibiti kamar Korle Bu. Yara da dama suna warkewa idan an fara magani da wuri.