Yadda aka rufe tasha ta 12

Ran 12 ga Nuwamba 2008, masu sauraren rediyon tauraron ɗan Adam na kamfanin XM a Amurka suka murɗa zuwa lamba 12 kamar kullum, suka tarar tasharsu ba ta nan. X Country sunanta, shekara bakwai tana kiɗa, a dare ɗaya aka ɗauke ta aka kawo wata mai suna Outlaw Country.

Kiɗan kantiri ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya girma a Maradi zamanin kaset ya ji muryar Don Williams ko Kenny Rogers a shagon tela ko cikin motar da ta fito daga Katsina. Ni kaina daga bakinsu na fara tsintar Ingilishi, tun kafin in shiga makarantar horon malamai. Sai dai wannan shi ne kantirin kasuwa, wanda manyan kamfanonin birnin Nashbil ke gogewa har ya yi santsi. Akwai wani reshe na matasan da suka ƙi santsin, suka koma wa tsohon salon karkara suka gauraya shi da kaifin jita ta zamani. Ana yawan ɗora farkonsa a kan faifan No Depression na ƙungiyar Uncle Tupelo a 1990, kuma a nan ake lissafa Lucinda Williams da Steve Earle da Son Volt. Tashoshin FM ba su cika sa su ba, don masu talla taro suke nema.

Wannan giɓi rediyon tauraro ya zo cikewa. A 1997 hukumar sadarwa ta Amurka ta sayar da lasisi biyu kacal, da sharaɗin kada kamfani ɗaya ya riƙe duka biyun. XM ya fara aiki a Satumba 2001, Sirius ya biyo baya a 2002. Ka sayi akwatinka, ka biya kuɗin wata, ka samu tashoshi fiye da 100, kuma daga gabar teku zuwa gabar teku murya ba ta yankewa. Direban babbar mota da ke kwana uku a hanya ya san daɗin haka. Kuɗin ya kai dalar Amurka 12.95 a wata (ba dalarmu ta tamma biyar ba), wajen jikka shida a canjin lokacin. Tunda mai saurare ne ke biya, sai ƙaramar tasha kamar X Country ta samu wurin zama. Jessie Scott, matar da ke tsara shirye-shiryenta, ta buɗe ƙofa ga mawaƙan Teksas da ba su da babban kamfani a bayansu.

Amma kamfanonin biyu asara suke ta yi. Harba tauraro tsada, sannan ga gasar sayen mashahuran masu gabatarwa. A Fabrairu 2007 suka ce za su haɗe. Hukumar da ta kafa sharaɗin 1997 ita ce ta warware shi a Yuli 2008, ta amince bisa alkawarin ba za a ƙara kuɗin wata ba har shekara uku. Masu biya sama da miliyan 18 suka koma hannu ɗaya.

A ganina nan hukuma ta yi sake. Ta ɗaure farashi, ta bar abin da ake saye da kuɗin a sake. Sabon kamfani ya duba ya ga tashoshi bibbiyu masu kama da juna, ya zaɓi ɗaya a kowane fanni. A takarda X Country da Outlaw Country duk kantiri ne na ƴan tawaye. A kunne kuwa da bambanci: Outlaw, wadda Steven Van Zandt ya kafa a Sirius a 2004, ta jingina ga dattawa irin su Willie Nelson da Waylon Jennings, ita kuwa wadda aka rufe sabbin muryoyi take nema. Kamar a ce maka tunda Shata da Ɗan Gurmu duk Hausa suke waƙa, ɗaya ya isa. Jama'a sun yi ƙorafi, tashar ba ta dawo ba. A shekarar nan kuma mujallar No Depression, wadda ke bin wannan kiɗa tun 1995, ta daina fitowa a takarda.

Labarin ya taɓa mu ta wata kusurwa. Cikin waɗanda suka zuba jari a XM tun farko akwai WorldSpace, kamfanin Noah Samara, haifaffen Habasha, wanda ya harba tauraron AfriStar a Oktoba 1998 don Afirka. Malaman da suka yi aiki a karkara farkon shekarun 2000 za su tuna akwatunansa masu ɗan faranti. Rediyon al'umma na Bankilare, a jihar Tillaberi, da shi yake ɗauko labarin yanayi da shirye-shiryen ilimi yana maimaita wa makiyaya da harshensu. A Oktoba 2008, wata guda kafin a rufe X Country, WorldSpace ya kai kansa kotu ya ce ya karye. Na Amurka wasu tashoshi suka rasa, kuma a Fabrairu 2009 kamfanin Liberty Media ya ceto Sirius XM da rancen dalar Amurka miliyan 530. WorldSpace bai samu mai ceto irin wannan ba, akwatunan da aka raba a ƙauyukanmu kuwa ba su kama wani tauraro sai nasa.